Sunan da Ban Taɓa Kiranki da Shi Ba

Roni,
Juma'a, bayan la'asar.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kun sauka lafiya, ke da Kawunki Bello, babu ko ƙwarzane. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke, kina wucewa ta gabana sau goma a wuni, amma sai ga wasiƙata a cuse cikin ambulan ɗin takardunki kamar wanda yake wata ƙasa. To kin san halin ubanki. Ke 'yar fari ce, mu kuwa a gidanmu ba mu tashi mun ga ana zama da ɗan fari ana hira ba. Jiya ma na sa an kira mini ke zaure da niyyar in faɗa miki duk abin da ke cikin nan. Kika durƙusa kika ce ga ki, sai na ɓige da tambayarki ko an ba tumaki ruwa.

Ba zan ɓoye miki ba, hankalina a tashe yake. Ranar Litinin za a tantance takardunku a jami'a. Sakamakon jarrabawar sakandarenki guda biyu ne, lissafi da sauran darussa suna kan ɗaya, Turanci yana kan ɗayan, kuma sunayen da ke kansu ba ɗaya ba ne. Idan suka yarda mutum ɗaya ce, kin zama ɗalibar ƙididdiga. Idan suka ƙi, shekara ta biyu ke nan ta tafi, kuma duka biyun ni ne sila. Tun da Kawunki ya shimfiɗa takardun a kan tabarma ya nuna mini wannan da yatsa, abinci ma turawa kawai nake yi. Shi ya sa zan faɗa miki wuraren da na yi tuntuɓe, ko Allah Zai sa ki kauce musu.

Ni lissafi ne ya kayar da ni a sakandare a Kazaure, kuma ba don ya fi ƙarfina ba. Muna aji uku na kwanta zazzaɓi mako uku. Da na dawo sai na tarar an shiga lissafin nan da ake sa haruffa a madadin lambobi. Malamin ya ce duk wanda bai gane ba ya ɗaga hannu. Na duba dama na duba hagu, babu hannu ko ɗaya a sama, sai ni ma na danne nawa a ƙarƙashin benci. Daga ranar na koma layin baya, kullum ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, alhali ko alif ban gane ba. Da sakamakon fita ya zo na ci kiredit shida, har da aikin gona da ilimin halittu. Na dinga yawo a garin nan ina jin na zama likitan dabbobi an gama. Da na kai takarduna neman shiga jami'a, ma'aikacin da na tarar ko zama bai ce in yi ba, ya duba ya ce ina lissafi? A ranar na san kiredit biyar ake nema, amma ba kowane biyar ba. Haka na ƙare a ɗan kwas ɗin ma'aikatan dabbobi, na shekara talatin ina bin rugage da akwatin allura a bayan babur. Alhamdu lillahi, da shi na ciyar da ku, amma ba shi na so ba.

Ke ba na jin tsoron lissafi a kanki, tun kina ƙarama kike ƙirga duk abin da idonki ya gani, har ƙwan zabi. Abin da nake tsoro shi ne kin saba ke ce ta ɗaya. A can za ki tarar da waɗanda suka fi ki, kuma za a kawo lissafin da ba ki taɓa jin ko sunansa ba. Ranar da malami ya ce wa bai gane ba, ki ɗaga hannunki ko da ke kaɗai ce, ko da 'yan birni za su yi dariya. Kawunki ya ce a sashenku akwai darussan da ba a tsallake su, wanda ya faɗi ɗaya zai bi shi har shekara ta gaba, wani darasin ma sai ya ci shi kafin a bar shi ya ɗauki na gabansa. Tun makon farko ki nemi takardar da aka jera darussan nan, ki san na dole, ki san na zaɓi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tuntuɓen bara kuwa kin fi ni saninsa, amma ban taɓa ba ki haƙuri ba, don haka bari in maimaita shi. Mun je shagon kwamfuta a Kazaure cike fom ɗin jarrabawar shiga jami'a. Mai shagon ya tambayi darussa huɗu, kika ce Turanci da lissafi da fiziks da tattalin arziki. Sai ni, gwanin iyawa, na ce ai maki ake nema, a cire biyun ƙarshe a sa Hausa da ilimin addini tunda kin fi ƙarfi a nan. Kika sunkuyar da kai kika ce, “Baba, kamar ba haka aka rubuta ba.” Na ce ni na haife ki ko ke kika haife ni? Mai shagon ya danna abin da na ce. Maki kam kin samu, har mutane suna tare ni a bakin masallaci suna yi mini barka. Aka fitar da sunaye na farko babu ke, na biyu babu ke. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa mai neman ƙididdiga ko lissafin inshora, darussan da ya zaɓa ake fara dubawa kafin a dubi makinsa, in ba su dace ba ko buɗe sauran ba a yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Ummi. Shekara guda kina zaune kina taya mahaifiyarki surfe, ƙawayenki suna dawowa hutu suna ba ki labari, ba ki taɓa ɗaga ido kin dube ni da abin ba. Wallahi da kin yi fushi da ya fi mini sauƙi. Ki yafe mini.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, duk abin da aka rubuta ƙa'idarsa, ki karanta da idonki. Kada ki ce wance ta ce, kada ki ce wani ɗan aji huɗu ya ce haka ake yi. Kowace jami'a da nata sharuɗɗan, har sashe da sashe ma sun bambanta. In babba ya faɗi abin da ya saɓa wa takarda, ko da ni ne, ki durƙusa yadda kika saba, ki miƙa masa takardar ki nuna masa layin. Ba rashin kunya ba ne. Da kin yi mini haka a shagon nan, da na yi faɗa na kwana biyu ya wuce.

Sai maganar karatun kansa. Kin tuna ranar da Baffanki Iro ya zo ya ji an ce bayan ƙididdigar kina son ki ƙware a lissafin inshora da fansho? Ya tafa hannu ya yi salati, ya ce yanzu 'yar gidan nan ce za ta je koyon lissafin ranar mutuwar mutane? Ni ma a raina akwai ɗan wasiwasi. Ke kika ba shi amsa daga bakin ƙofa, a ladabce. Kika ce babu wanda ya san wace saniya ce za ta faɗi bana sai Allah, amma wanda ya daɗe yana lura da garke zai iya ƙiyasta nawa ciwo kan taɓa a shekara, don a tanadi magani tun kafin ya zo. Baffanki ya ce a bar maganar. Ni kuwa kin taɓo mini wani abu da ko mahaifiyarki ban taɓa faɗa wa ba.

Ina sabon shiga aiki aka tura ni ƙirga shanun rugagen da ke tsakanin Roni da Gwiwa, don a san yawan allurar ciwon huhu da za a aiko. Kin san mutanenmu. Bafillace ba ya ƙirga shanunsa, da kamanni ya san su, kuma ba ya son wani ya tsaya yana nuna su da yatsa, ga tsoron baki ga tsoron jangali. Rugar farko ta wani Arɗo ce, aminin mahaifina. Ya shimfiɗa mini buzu, aka kawo mini kindirmo. Ta yaya zan miƙe a gabansa in fara ɗaya, biyu, uku? Na saci kallon garken ta gefen ido na rubuta sittin. Da na ga abin ya zo da sauƙi, haka na yi a sauran rugagen, wasu ma a gindin bishiya na cike musu. Takardata ta fi ta kowa tsabta, har yaba mini aka yi. Allura ta zo daidai da abin da na rubuta, ta ƙare ba mu kai rabin shanun ba. Da rani ciwon ya shigo. Na je rugar Arɗo na tarar ana jan mushe, matansa suna kuka, shi kuma ya riƙe hannuna yana cewa na yi iya ƙoƙarina, gwamnati ce ba ta aiko da yawa ba. Har ya koma ga Allah yana sa mini albarka, ban iya buɗe baki na faɗa masa ba.

To ke aikin da za ki koya ke nan, kuma naki ya fi nawa haɗari, don mutane za a ƙirga, da tsufansu da rashin lafiyarsu. Duk lambar da kika rubuta akwai wanda zai ci ko ya rasa a kanta, kuma galibi ba zai taɓa sanin ke ce ba. In an tura ki tattaro bayani, ki je ki tattaro. In an hana ki, ki rubuta an hana ki. In ba ki sani ba, ki rubuta ba ki sani ba, ki bar gurbin a buɗe ko da takardarki za ta yi muni. Na ji an ce ɗalibai kan zauna a ɗaki su cike fom ɗari da hannu ɗaya don su gama aikin ƙarshe. Ranar da wata ta ce ku yi haka, ki tuna da shanun Arɗo. Maganar inshora kuma, ki nemi malamai masana a can su fayyace miki wadda shari'a ta yarda da ita, ki dawo ki yi wa Baffanki bayani da hujja. Kawunki ya ce ko bayan digiri akwai wasu jarrabawoyin ƙwarewa masu yawa kafin a kira mutum gwani a fannin. Ki fara tambayar yadda suke tun yanzu, amma kada ki ɗora wa kanki su kafin ki tsaya da ƙafarki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sukuni.

Ranar sunanki na ce a mayar da sunan Inna, mahaifiyata. A kunne na raɗa wa liman, shi ya faɗa wa jama'a. Daga ranar kowa Ummi yake ce miki, ita kuma Inna, Allah Ya jiƙanta, takwara take ce miki har ta rasu. Kin ga kunya ta zame mini biyu, ga ta 'yar fari ga ta sunan uwa. Takardar haihuwarki Kawunki ne ya karɓo, shi ya sa sunanki na yanka ne a kai, da Salihu a gaba. Amma ranar shiga firamare ni na riƙe hannunki. Hedimasta ya buɗe rajista ya ce yaya sunanta? Ga malamai a zaune, ga Inna da ranta a gida. Na buɗe baki na kasa. Na ce Ummi. Ya ce Ummi wa? Na ce Sale. Ya ƙara Roni da kansa ya rufe littafin. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Allah Ya ba ni damar gyarawa, na ƙi. Kuna ajin ƙarshe a sakandare aka aiko da fom aka ce iyaye su duba sunayen 'ya'yansu kafin a tura wa masu jarrabawa, mai gyara ya gyara. Na ga Ummi Sale Roni a rubuce, na san ba shi ne a takardar haihuwa ba. Amma gyaran yana nufin in ɗauki biro in rubuta sunan Inna da hannuna. Na sa hannu a ƙasa na mayar miki. Da Turanci ya ƙi kika sake zama, sai aka yi miki rajista da katin ɗan ƙasa, shi kuma sunan da ke kansa daga takardar haihuwa aka ɗauko shi. An yarda a haɗa sakamakon zama biyu, haka ƙa'ida ta ce, amma na mutum ɗaya. Ni kuwa na mayar da ke mutum biyu.

Da Kawunki ya gano, ya ce a yi takardar rantsuwa a kotu, a buga sanarwa a jarida, a karɓo wasiƙar shaida daga shugaban makarantarku. Ya ce bayan taki rantsuwar, gara a haɗa da ta uba. Na hau babur na tafi Kazaure. Na rubuta Ummi Sale Roni a 'yar takarda, na ajiye takardar haihuwar a gefe, na tura wa magatakarda na ce waɗannan biyun 'yata ce. Ya ce to in faɗa da bakina. Na ce sunan mahaifiyata ne. Dattijo ne mai furfura, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Malam, ni ma sunan uwata ke kan 'yata. Amma rantsuwa da baki ake yin ta.” Na ce bari in yi alwala in dawo. Ummi, babur na hau na dawo Roni.

Mahaifiyarki ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ta ce kunyar da za ta cinye wa yarinya shekara biyu ba kunya ba ce, son kai ne. Ta ce da Inna tana da rai, da ita da kanta za ta ja ni da kunne har gaban alƙali saboda takwararta. Gaskiya ta faɗa, na san Inna. Washegari na koma. Magatakardan ya miƙo mini kujera. Na faɗa. Har sau biyu na faɗa, don na farkon bai ji ba. Shekarata hamsin da biyar, ranar ce farkon da sunan ya fita daga bakina a fili.

Duk da haka ban sani ba ko za su karɓa. Kawunki ya ce galibi ana karɓa, amma galibi ba kullum ba ne, ke ma kin fi ni sanin wannan. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Don haka ki saurara. Na jera miki takardun yadda za ki miƙa su: ta samun gurbi a sama, sai sakamakon biyu, sai ta haihuwa, sai rantsuwata da taki, sai shafin jaridar da na zagaye da jan biro, sai wasiƙar makaranta. Kowace na yi mata kwafi uku. Kada ki jira su gano bambancin da kansu, ke ki fara faɗa, ki ce ga yadda aka yi ga shaida. In sun tambayi dalili ki ce laifin ubana ne, kada ki rufa mini asiri. Takardun asali kada su bar hannunki sai a kan teburin mai tantancewa, kina tsaye kina kallo. Duk wanda ya tare ki a waje ya ce ya san wani a ciki zai gyara miki, ki ce kin gode ki wuce. In kuma, Allah Ya kiyaye, suka ce a'a, kada ki fashe da kuka ki fito. Ki tsaya ki tambayi me ya rage, wa za a gani, zuwa yaushe, ki rubuta. Sannan ki sa Kawunki ya kira ni. Motar farko zan biyo daga Kazaure, in tsaya a gaban ko wane ne in faɗi sunan sau nawa suke so.

Sauran kin sani. Salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki ce karatu ya hana ki, na san halinki. Ki riƙa kiran mahaifiyarki, don ita daurewa kawai take yi, tun shekaranjiya take ɗaura ƙullin kuka da daddawa tana kwancewa.

Akwai abu ɗaya da ya faɗo mini ɗazu a masallacin Juma'a, har na kasa bin huɗuba. A can babu wanda ya san Ummi. Za ki zauna cikin ɗaruruwan ɗalibai, wani zai leƙo daga ofis da takarda a hannu ya kira sunan da ke katinki. Ke kuwa tunda aka haife ki babu wanda ya taɓa kiranki da shi a gidan nan. Sai na ga kamar za a kira sau ɗaya, sau biyu, kina zaune kina waige-waige kina jiran mai sunan ta tashi, har a wuce ki. Ki kasa kunne, don Allah. Kuma ban yarda a ce wani baƙo da bai san Inna ba, bai san ke ba, shi ne zai fara kiranki da shi ba. Ni na raɗa shi, ni ya kamata in fara. Da baki na so in yi jiya a zaure na kasa, to ga shi da biro, ki yi haƙuri da rubutun.

Maimunatu.

Maimunatu 'yar Salihu, in an kira ki amsa da ƙarfi.

Allah Ya yi miki albarka. Ya buɗe miki ƙirji, Ya sanyaya zuciyar waɗanda za su duba takardunki, Ya sa kada laifina ya shafe ki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya jiƙan mai sunan.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Salihu.